Makulli na Uku

Babanmu, Malam Ja'afaru mahauci, ya shigo Abijan yana da shekara goma sha tara, a bayan motar shanu. Yau ya haura sittin. Nama yake sayarwa a kasuwar Adjamé, kuma a gida ɗaya muka tashi duka a unguwar Liberté: ɗaki uku da tsakar gida, da ƙofar katako wadda ko akuya ta tura za ta buɗe.

Abin da aka san shi da shi a cikin Hausawan nan ya wuce nama. Shi ne mai tsaya wa mutum. A wajenmu ba a ɗaukar magini ko kafinta haka kawai daga titi, sai an sami wanda zai ce, "Na san shi, na tsaya masa." Idan Baba ya faɗi haka, magana ta ƙare.

A motar shanun nan tare suka zo da Ɗan Azumi. Baba ya tsaya Adjamé, shi kuma ya haye gada ya koyi walda a Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa. Mu Baba Ɗan Azumi muke ce masa. Shi ya raɗa wa yayata Rufaida suna. Duk sallah yakan hau gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, ya zo su tafi Idi tare, su dawo suna tsokanar juna.

"Sarkin ƙashi, yau ma jijiya za ka ba ni?"

"Kai da haƙoranka uku, me za ka yi da tsoka?"

Shekara uku da suka wuce sata ta sake salo a unguwarmu. Da rana tsaka ake shiga, lokacin da maza suna kasuwa, yara suna makaranta. Aka ɓalle tagar maƙwabta biyu a wata ɗaya. Sai Baba Ɗan Azumi ya zo da igiyar awo, ya auna ƙofarmu yana girgiza kai.

"Ja'afaru, wannan ƙofa ce ko labule?"

Ya yi mana ta ƙarfe, shuɗiya, da kuba a cikinta, ya sa wa tagogi sanduna. Ina tsaye ya miƙa wa Baba makulli biyu. A jikin kwalin kubar an zana makulli uku, na gani, Baba ma ya gani. Bayan ya tafi na ce, "Baba, na ukun fa?"

Ya harare ni. "Mutumin da muka sha ruwa a kwano ɗaya tun daga Maraɗi zan tambaya makulli? Kina da kunya kuwa?"

Ƙofar ta yi kyau, mutane suka yi ta zuwa kallo. Gida huɗu suka tambayi Baba wanda ya yi ta, ya ce ya tsaya masa: gidan Alhaji Nomau mai shanu, gidan Hajiya Baraka, da wasu biyu a layin masallaci.

Tun tasowata ba mu taɓa barin gida babu kowa ranar Idi ba. Mamanmu Iklima ce ke zama, wai tana gadin tukunya. A babbar sallar bara, Baba Ɗan Azumi ya iso da sassafe cikin shadda fara, ya ganta zaune da zanen aiki.

"Uwargida, shekara nawa ba ki ga filin Idi ba? Tashi ki shirya. Ƙofar nan ni na yi ta, ko giwa ta zo sai ta koma."

Mama ta yi dariya, ta ɗaura sabon ɗankwali, muka kulle muka tafi. Shi da Baba kafaɗa da kafaɗa suka yi salla.

Da muka dawo ƙofa a kulle take yadda muka barta. Ragon ma yana nan a ɗaure. Ciki ne aka share. Talabijin da keken ɗinkin Mama ban damu da su ba kamar akwatin ƙarfen kakata. A ciki akwai 'yan kunnenta, da takardun haihuwarmu, da hoton kakanmu guda ɗaya tak da ya rage a duniya. Ni ke goge shi duk Juma'a.

Kafin azahar Alhaji Nomau ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Gidansa ma haka. Hajiya Baraka ta biyo shi tana kuka. Gida biyar, ƙofa biyar shuɗɗa, babu wadda aka ko ƙwarzana. Ba wanda ya zagi Baba. Alhaji Nomau dai ya dube shi ya ce, "Malam Ja'afaru, kai ka tsaya masa." Baba Ɗan Azumi kuwa tun a filin Idi ya ce cikinsa na ciwo, ya wuce.

Washegari Baba ya ce in raka shi Treichville. Ina jin so yake a sami mai riƙe abin da za a faɗa. Muka iske Baba Ɗan Azumi zaune a bakin shago, bai kunna injin ba. A bango akwai ƙusa, da wata doguwar waya a rataye ba komai a jikinta.

"Nan kake rataye makullan?" in ji Baba.

"Nan. Kowace ƙofa nakan ajiye ɗaya, ko mai gida zai ɓatar da nasa. Haka maigidana ya koya mini."

"Suna ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Aiki ya mutu, Ja'afaru. Wasu suka zo da kuɗi, na ba su. Amma wallahi na kafa musu sharaɗi, sai lokacin da ba kowa a gida. Ka ga ai ba a taɓa lafiyar kowa ba."

"Shi ya sa ka ta da Iklima."

"Don kada su same ta."

"Kana so in yi maka godiya ke nan?"

Baba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Sauran magana tsakanin Alhaji Nomau ne da hukuma, kuma akwatin kakata bai dawo ba.

A makon nan Baba bai fita kasuwa ba, alhali lokacin ciniki ne. Ya sayo kuba biyar, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye a canza, ya yage kwalin a gaban mai gida, ya zuba masa makullan uku a tafin hannu. Namu ne na ƙarshe. Na ukun ni ya ba, yana wuyana.

Watan jiya wani baƙo da ya kama haya a layinmu ya zo ya durƙusa. Ya ce an ce masa Malam Ja'afaru ya san kowa, yana neman kafinta mai amana.

Baba ya daɗe yana kallon ƙofar nan shuɗiya. Sannan ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ban san kowa ba."