Rakiyar da Malam Badaru Ya Jira

Malam Badaru mutumin Ringim ne. Ya zo Greensboro ta Amurka karatun aikin gona a 1978, karatu ya ƙare, shi bai koma ba. Ya sami aiki a wata masaƙa, ya kama haya can McLeansville shi da matarsa Huseina, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki. Ni Sale, abokinsa ne tun muna ɗalibai, kuma ban taɓa ganin mai nauyin baki irinsa ba. Ko gishiri yake so ka miƙo masa, sai ya fara tambayar lafiyar iyalinka.

Abin dariya, wannan shiru-shirun ba shi da abin so kamar suda, tsuntsuwar nan mai doguwar jela da ba ta rufe baki. Yakan ce a gonar mahaifinsa garke guda suke zuwa, kuma in ɗaya ta yi ƙyanƙyasa, duk dangi ke kawo wa 'ya'yan abinci.

Wata safiya ya ga wata tsuntsuwa mai ruwan toka a kan wayar shingen gonar da ke bayan gidansu, idonta kamar ta rambaɗa kwalli. Ta cafko fara, ta tsire ta a ƙayar waya, ta bar ta nan ajiya. Ranar har wajen aikina ya bugo mini waya.

"Sale, 'yar uwar suda ce wallahi, bakin iri ɗaya. Jelar ce gajera, kuma ba ta da dangi. Kamar mu."

Tun daga nan duk Asabar yana bakin shingen. Da farko har can garin Pleasant Garden yakan ga irin tsuntsayen nan, amma shekara na tafiya suna raguwa, har ya rage sai mace da namiji masu sheƙa a wata 'yar duhuwar ƙaya a gefen gonar nan.

A 1986 aka ji mai gonar, wani tsohon Bature, Mista Coble, zai sayar wa masu gina gidaje. Badaru ba ya neman komai sai a bar wannan duhuwar. Na ce ya je ya faɗa masa kawai. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. A je gidan dattijo a zazzage masa buƙata a zaune? Ai a wurinmu sai an gaisa, an yi hira, mai gida ya taso ya raka ka, sannan a hanya ka ce, "Af, dama akwai wata 'yar magana."

Haka ya riƙa zuwa da dambun naman da Huseina ta yi. Ya tambayi gwiwar tsohon, ya tambayi shanu, ya miƙe a hankali yana jan ƙafa. Tsoho kuwa yana kan kujerarsa a baranda, sai dai ya ɗaga masa hannu.

"Malam, nan Amurka ce fa," in ji Huseina. "Babu mai raka ka. Ka faɗa masa straight!"

"Wani satin, in Allah ya so."

Haushi ya ishe ni, tausayi ya fi haushin yawa. Da na ce zan je a madadinsa, cewa ya yi kada in kunyata shi.

Ranar da tsohon ke kwashe kaya zai koma wurin 'yarsa, Badaru ya je sallama. A ranar ce kawai tsohon ya sauko daga baranda, ya taka da shi har bakin mota. Badaru ya yi gyaran murya, ya faɗi maganarsa.

Tsohon ya tsaya cak. "Waccan ƙayar? Ai sun tambaye ni inda nake so iyakar ta tsaya, na ce ban damu ba. Me ya hana ka faɗa, duk zuwan nan da kake yi? Na ɗauka kaɗaici ke damunka."

Bakin alƙalami ya riga ya bushe, an gama ciniki. Katafila ta shigo a watan Afrilu, lokacin da ƙwai ke cikin sheƙa. Badaru na tsaye a bakin titi da kayan aikinsa, yana kallo har ta share duhuwar.

Bai sake ganin tsuntsuwar ba. Akwai guntuwar waya da katafilar ta bari a gefen titi, da wata busasshiyar fara tsire a jikinta. Har ƙarshen shekarar, duk Asabar yakan je ya duba ko mai ajiyar ta dawo ta ɗauka.