Na'urar Wasan Buba a Shingen Sojoji

Jama'a, yau saura ƙiris ku sallace ni!

Na'urar wasan bidiyo ta ɗana Buba, wadda nake satar bugawa in ya fita, ita ce ta ƙi kamawa. Na cusa ta a buhu zan kai gyara. A shingen sojoji na hanyar Pantami, sai wayoyinta suka leƙo daga buhun, sojoji biyu suka zaci bam ne!

"Baba, ajiye! Hannu sama!"

'Yan acaɓa suka watse. Bindiga biyu a kaina.

"Zazzage da kanka!"

Na zazzage. Faifai ya faɗo, da hoton jarumin Japan mai takobi.

Dogon sojan ya ce, "Kai, wasan samurai! Ni gaba da gaba nake sara."

Gajeren ya ce, "Wauta! Lallaɓawa cikin ciyawa ta fi."

"Aikin matsorata!"

Gardama ta kaure, bindigogin kuwa ni suke kallo!

"Baba, raba mu. Wa ke da gaskiya?"

Na ce, "Yallaɓai, ni ban taɓa saran kowa ba. A wasan, dokin jarumin kawai nake kaiwa kiwo."

Dogon ya sauke bindiga. "Kwashe kayanka, Baba, kar dokin ya kwana da yunwa."