Tela da Jelar Zare

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi a shagon da ke kallon tagar ofishina, lokacin ina akawu. Benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, kuma tun a can ba ya jure ganin zare yana lilo a jikin riga. Kuna cikin gaisawa sai ya zaro ɗan almakashi daga aljihu ya datse maka shi.

Da idonsa ya daina ganin kafar allura, ya lulluɓe keken ɗinkinsa ya shige ɗaki. Ba fita, ba hira, abinci ma sai an yi da gaske. Babbar 'yarsa ta ce in wata ya ƙare yana haka, za ta ɗauke shi zuwa gidanta, hawa na huɗu, inda bai san kowa ba. Amma kafin nan ta sayo masa sandar fatsa mai gaɓa biyu, da abin naɗe zare, da zaren roba, da dalma, da ƙugiya goma sha biyu a 'yar kwalba.

Ya juya hannun abin naɗe zaren, ya kasa kunne.

"Akawu, ai wannan kwarkwaron keken ɗinki ne! Girma kawai ya yi."

Ranar na sake jin dariyarsa. Washegari da hantsi muka tafi bakin kogi, ni da kujera da jarida, shi da sanda da gwangwanin tana.

Jifa bai ba shi wahala ba, naɗin zarensa kuwa ko injin albarka. Matsalar ɗaya ce. Kifi zai ci, sanda ta lanƙwasa, ya ja, sai zare ya dawo fayau babu ƙugiya. Cikin kwana takwas ƙugiya goma sha ɗaya ta tafi.

"Saura ɗaya," in ji shi. "In ta tafi, ka ce wa yarinyar nan ta kawo mota."

Can gefe akwai mai facin taya da ke zuwa kamun kifi duk ranar da ba ya aiki. Ya matso, ya kama bakin zaren ya duba. A nannaɗe yake.

"Baba, ba tsinkewa yake yi ba, kwancewa yake. Ɗaura in gani."

Tela ya laluba da yatsa ya ɗaura, tsaf. Sannan ya zaro almakashi ya datse ragowar daidai gindin ƙullin.

Mai faci ya dafe kai. "To ga ɓarawon ƙugiyar nan a aljihunka! Wannan roba ce, santsi gare ta. Ka zagaya sau shida, ka jiƙa da yawu, ka ja, sannan ka bar mata jela."

"Jela? Ni? Ka tambayi Akawu, ya taɓa ganin na sallami aiki da zare a waje?"

"Kifi ba ango ba ne, Baba, ba zai duba ɗinki ba."

"Kai da kake manna roba da gam, kai za ka koya mini ƙulli?"

"To a kawo mota," na ce, ina kallon jaridata.

Ya harare ni. Ya sake ɗaurawa, ya jawo tef ɗin awo daga wuyansa, ya ɗora a kan jelar, ya miƙa mini in karanta masa. "Rabin inci," in ji shi. "Ko gashi ɗaya ba zan ƙara ba."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da kwata sanda ta lanƙwasa. Ya miƙe, hularsa ta faɗa ruwa, yana naɗi yana ihu: "Riƙe ni, Akawu!" Na riƙe masa ƙugu, mai faci yana tsalle yana ba da umarni. Tarwaɗa ce. Kafin a cire mata ƙugiya sai da ya gwada ta: inci goma sha tara.

Da 'yarsa ta zo ƙarshen wata, ba ta same shi a gida ba. A bakin kogi ta tarar da shi, ya tara masu koyo uku yana duba ƙullinsu da yatsa.

"Baba, mota fa?"

"Ki mayar. Ke dai ki turo ƙugiya."

Shekara shida ya ƙara a unguwarmu, kusan kullum a bakin ruwa. Almakashin yana wurina yanzu. Har ya bar duniya, in ya gama ƙulli sai ya kau da kai daga jelar, ya yi tsaki, sannan ya jefa.