Likitar Dada

Ni dai ban nemi karatun wasanni ba, shi ya same ni. Aikin jinya na nema a jami'a, da sunaye suka fito sai na ga an jefa ni sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta zauna a bakin gado ta ce in sake karanto mata sunan sashen a hankali. Na karanto. Ta ɗauki kiwon lafiyar, ta bar mini motsa jikin a wurin.

Kafin sati ya zagayo, duk layinmu a unguwar Malam Inna ta Gombe an san 'yar Dada ta samu fannin lafiya. Kafin wata ya cika na zama Likita.

Dada ba maƙaryaciya ba ce, wannan zan faɗa a gaban kowa. Mahaifinmu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, ta riƙe mu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba ta saba a tambaye ta ra'ayinta a taron mata ba. Ranar da aka fara ce mata Maman Likita, tafiyarta ma sai da ta canza. Da bakinta ba ta taɓa cewa likita nake karanta ba, sai dai in an faɗa takan gyara mayafi ta ce a taya mu da addu'a.

Abin haushin, karatun da na shiga da kuka sai ya shiga raina. Da atamfa da hijabi nake fita daga gida, wandon wasanni da kambas suna cikin jaka, in na isa in canza a ɗakin wata ƙawata. Da hantsi muna fili, da rana muna aji ana koya mana ƙasusuwa da jijiyoyi da taimakon gaggawa. Akwai wata malamarmu, gajeriya, Batangala a ƙabila, da muryarta ke kaiwa ƙarshen fili ba tare da ta ɗaga wuya ba. Ita ta koya mini busa usur. Ta ce yadda nake busawa kamar ina ba yara haƙuri, in busa sau ɗaya in yi shiru in jira. Ita ce kuma ta lura da ƙafata. Rabona da gudu tun ina firamare, don a gidanmu budurwa ko ruwan sama ya kama ta tafiya take yi. Ranar da aka fara sa mu zagaya fili na waiwaya na ga babu kowa kusa da ni, na tsaya ina haki ina dariya ni kaɗai. Daɗin da na ji ranar ban iya ba kowa labarinsa a gida ba.

A gida kuwa majinyata ke jirana. Wannan ta kawo kwalin magani in duba mata, waccan ciwon gwiwa, wata mijinta ne ba ya barci. Amsata ɗaya ce, ku je asibiti. Sai su dubi juna su ce ga ilimi ga kunya. Wallahi wani lokaci ji nake kamar in ciro usur ɗin in busa musu a tsakar gida kowa ya huta.

Wata rana na tare Dada tana matsar mai.

"Dada, ni fa malamar makaranta zan zama. Gudu da tsalle zan koya wa yara."

"Ba a koya muku ƙasusuwa?"

"Ana koya mana."

"To."

"Wane irin to kuma, Dada? Mutane suna ɗauka wani abu ne ni."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki bar ni in ɗan ɗana, 'yar nan. Me na tare miki?"

Na tashi raina a ɓace, amma tausayinta ya fi haushin yawa. Na bar maganar, muka ci gaba a haka har na shiga shekara ta uku.

Wata Asabar ce da damina, an kwana ana ruwa, ya yanke layinmu ya bar rami da taɓo, ko ɗan acaɓa ba ya shigowa sai dai a taka zuwa bakin titi. Mata sun cika tsakar gidanmu, masu sayen mai da masu taya Dada ɓarar gyaɗa. Sai ga wata baiwar Allah da ke haya a ƙarshen layi. Daga Borno suka zo bayan an tashi garinsu, ba ta da kowa a Gombe sai 'yarta ƙarama, kuma 'yar ce a kafaɗarta. Ta durƙusa a gabana ta ce yarinyar na zazzaɓi tun shekaranjiya. An ce mata Likita tana gida ranar Asabar, shi ya sa ta jira.

Na taɓa goshin yarinyar, na ji shi kamar wuta. Na ce asibiti, yanzu. Matan suka ce haba Likita, yau ba ranar kunya ba ce, duba ta mana. Muna cikin haka yarinyar ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Na kwantar da ita a gefenta yadda aka koya mana, na hana wata da ta taho da cokali za ta cusa mata a baki, har jijjigar ta lafa. Iyakar abin da na sani ke nan. Uwar kuwa ta rungume 'yarta ta ƙi tashi, tana roƙona in yi mata allura. Duk abin da na faɗa, ɗauka suke kunya ce ta sa ni. Ba bakina za su yarda da shi ba.

Na dubi Dada. Tana tsaye, hannuwanta duk mai. Ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"'Yata ba likita ba ce. Ni na bar ku kuna faɗa. Malamar guje-guje ce." Ta juya ga uwar yarinyar. "Ba ta 'yar. Ta fi ki sauri."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na tattare zanena na saɓa yarinyar na fita, na tsallake ramin nan, na bi ta gaban masu shago da dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, ban rage gudu ba sai a bakin titi, inda na tare ɗan acaɓa. Uwar ta same mu a asibiti daga baya. Allah ya yi da sauran kwanan yarinyar a gaba, aka ba ta gado, zuwa la'asar ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Da na dawo gida tsakar gidan ba kowa, gyaɗar ma ba a gama ɓara ba. Dada ta tambaye ni jikin yarinyar, na faɗa mata, ta ce alhamdu lillahi. Sai ta ga tafin ƙafata ya tsattsage. Ta ɗora ruwa ta zuba gishiri, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana cire tsakuwa da tsinke.

Can ta ce, "Matan layi sun ce ba su taɓa ganin mace ta yi irin wannan gudun ba."

Na ce, "Sun yi miki dariya, Dada?"

"Sun yi," in ji ta. "Miƙo ɗayar."