Wankin Cikin da Na Yi wa 'Yata

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta makonnin nan da na kusa kashe 'yata da hannuna ba, alhali ni a ganina gata nake yi mata. Shekaru sun shuɗe, yarinyar yanzu tana firamare, cin tuwonta ma ya fi nawa. Amma duk lokacin da na tuna, abu biyu ne ke taso mini tare: kunyar abin da na aikata, da alfahari da mahaifina. Alfaharin ya fi yawa, shi ya sa nake iya ba da labarin.

A lokacin ina da shagon buga takardu kusa da kwalejin poli ta Mubi, ina zaune a Nassarawo da maiɗakina da 'yarmu ta fari, mai shekara uku. Na yi difloma, kuma duk zuriyarmu ni na fara riƙe irin wannan takarda, don haka kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Daga darasin kimiyya abu guda na riƙe gam, wato duk wata halitta da ido ba ya gani ƙwayar cuta ce, kuma maganinta kisa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, a unguwarmu akwai abin da ake kira wankin ciki. Ƙarshen wata ya yi, mutum lafiyarsa lau, sai ya je kemis ya sayo kafso ja da rawaya ya haɗiye, wai yana wanke dattin da ya taru. Ni ban tsaya a kaina ba, har yarinyar na sa a layi. Nakan fasa kafson in jiƙa mata a cokali, in ta yi atishawa kuma in ƙara mata maganin ruwa na kashe ƙwayoyin cuta. Na kafa doka a gida: ba kindirmo, ba daddawa, don a wurina duk ruɓaɓɓun abubuwa ne. Wake yana kumbura ciki, ganye kuma abincin awaki. Abin da ya fito daga leda a rufe shi ne mai tsabta, saboda haka biskit da taliyar leda da lemon kwali da farin burodi su ne abincinta. Har bugun ƙirji nake yi a shago cewa 'yata ba ta san ɗanɗanon abincin ƙauye ba.

Sai zawo ya kama ta. Na ce ƙwayoyin cuta ne suka yi taurin kai, na ninka magani. Zawo ya ƙaru, na sake wani maganin. Cikin mako biyu yarinya ta zube, idanu suka faɗa, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta daina wasa, ta daina rigima, kuma rashin rigimar nan ya fi komai tayar wa uwarta hankali. Sau uku tana ce mini mu je asibiti, ni kuwa ina cewa me likita zai ba ta wanda ban sani ba. Yau in na tuna wannan magana ji nake kamar in mari kaina.

Ranar kasuwar shanu sai ga mahaifina, wanda muke kira Baffa. Makiyayi ne, yana zaune da shanunsa ta wajen Betso, bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya sayar da bijimi guda, ya biyo ta gidana ya ga jikarsa. Amarya yake ce mata, ita kuma da ta hango shi takan ruga ta fizge masa hula ta ce ba ta son tsohon miji. Ranar nan ya yi sallama, ya durƙusa kusa da tabarmar da take kwance, ya miƙa mata hular da kansa. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ya taɓa cikinta, ya ja fatar hannunta ya saki, ya ga ba ta koma da wuri ba. Baffa ba mai yawan magana ba ne, musamman da ni ɗan farinsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya dai miƙe ya ce, “Tare keke, mu kai ta asibiti.”

A asibiti, da layi ya zo kanmu, sai na ce masa ya jira a benci. Gaskiya zan faɗa, kunya nake ji. Takalmin roba ne a ƙafarsa, da kashin shanu a gefe, ga sanda, ga warin kasuwa a rigarsa. Ya dube ni kamar bai ji ba, ya riga ni shiga.

Likitar mace ce, 'yar wajen Michika, mai fara'a amma ba ta ɗaukar wargi. Ta duba yarinyar, ta sa aka ɗora ta a sikeli, ta tura mu gwajin bayan gida da na jini. Da muka dawo da sakamako ta karanta, sannan ta dube ni ta ce da irin Hausarsu ta can, “Malam, yarinya nan wane magani ka ba shi?”

Na zazzage mata ledar magungunan a tebur, ina jero sunayensu da Turanci, har na gaya mata ina da difloma, don ta san ba da jahili take magana ba. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye. Ta tambaye ni wa ya rubuta, na ce ni. Ta tambayi abin da yarinyar take ci, na lissafa mata ina jiran yabo. Sai ta cire tabarau ta ce, “Ba tsutsa, ba taifot. Cuta da yake damun shi, kai ne ka saya a kemis.”

Daga nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce a hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu rai da ba sa ƙirguwa, kuma mafi yawansu ba abokan gaba ba ne, ma'aikata ne. Su ke taya ciki narkar da abinci, su ke tare wa masu cutarwa wuri, har garkuwar jiki suke taimaka wa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya tantancewa, na kirki da mugu duk sharewa yake yi, shi ya sa ba a shan sa sai da dalili. Abincin waɗannan halittu shi ne wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, wato daidai abubuwan da na hana. Na kashe su da magani, waɗanda suka tsira kuma na bar su da yunwa.

Ni dai kaina ya ɗaure. A ce ƙwayar da ido ba ya gani tana da amfani? Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ji Baffa ya yi gyaran murya daga bayana.

“Likita,” ya ce, “wannan ai tumbi ne ya mutu.”

Ta juyo ta ce, “Baba, ka ce me?”

Ya jingine sandarsa a bango, ya yi bayani da Hausarsa mai gauraye da Fulatanci. Ya ce nagge, wato saniya, in an dame ta da allura, wani lokaci sai ta daina tuƙa. Ga ciyawa a gabanta, ba ta ci, in ta ci ma ba ya zama, sai zawo da rama. To su abin da suke yi, sai su nemi lafiyayyar saniya tana cikin tuƙa, su sa hannu a bakinta su ciro abin da ta dawo da shi daga ciki, su dama da ruwa su ɗura wa marar lafiyar. Bayan kwana kaɗan sai ka ga ta fara motsa baki. “Ban taɓa ganinsu ba,” in ji shi, “sunansu ma ban sani ba. Amma tun ina yaro na san akwai masu aiki a cikin tumbi, kuma in suka mutu nagge ma ta mutu.”

Likitar ta tafa hannu ta yi dariya. Ta ce wannan abin da ya faɗa, likitocin dabbobi a littafi suke karanta shi, su yi jarrabawa a kansa. Ta nuna ni da biro ta ce, “Kai mai difloma, ka ji? Baba ya gane tun ban gama ba.”

Wallahi a wannan lokaci wani abu ya cika mini ƙirji. Kunya tana nan, amma ba ita ce a sama ba. Na kalli tsohon nan da takalmin robarsa, na ji duk Mubi ba wanda ya kai ni uba. Sai kuma tsoro ya kama ni, na ce, “Baffa, ba dai tuƙar saniya za ka ɗura mata ba?” Ya harare ni ya ce, “Amaryata maraƙi ce?” Har ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa sai da ta dara.

Likita ta kwashe magungunana ta zuba a kwandon shara. Ta rubuta mana ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki, ta ce a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gero, faten wake mai laushi, miyar kuka da daddawarta, zogale, ayaba, gwanda, da kindirmo, amma na madarar da aka tafasa. Ta ce in mun ga jini, ko zazzaɓi, ko ta ƙi shan ruwa, mu dawo a guje, in ba haka ba mu dawo bayan mako biyu. Sannan ta sa ni na yi alkawari a gaban mahaifina cewa ko rabin kafso ba zan ƙara ba ta ba.

Baffa bai koma Betso ba. Ya aika wa ƙannena su kula da shanu, abin da ban taɓa gani ya yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Ya aika wa innata ta riƙa turo madara da mai babur kowace safiya, maiɗakina ta tafasa, ta zuba ɗan ragowar kindirmon jiya a ciki, ta rufe ƙwarya ya kwana. Sai a lokacin na fahimci cewa wannan ɗan ragowar da na gani ana zubawa tun ina yaro, iri ne na masu rai ake shukawa. Shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaron tsakar gida, kwano ɗaya da jikarsa. Ya kai loma bakinsa, ya kai cokali bakinta. In ta kau da kai ya ce to shi ke nan, zai je ya auro wata mai cin abinci.

Kwana na biyar shi ne ya fi wuya. Zawon ya ragu amma bai tsaya ba, yarinya har yanzu ba ƙarfi. Da hantsi wani maƙwabcina ya shigo da wani sabon magani, ya ce daga Kamaru aka kawo shi, da an sha sau ɗaya ciki ke ɗaurewa. Maiɗakina tana hawaye, ni kuma ina tunanin ko jiran nan ne zai kashe ta. Na karɓi kwalbar, har na murɗe murfin.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Tana shan ruwa?” Na ce tana sha. “Akwai jini? Jikinta da zafi?” Na ce babu. Ya ce, “To me likita ta ce maka? Kai ka sa wa daji wuta, yanzu kana son ciyawa ta tsiro ranar da aka yi ruwan fari. Mayar wa mutum kayansa.”

Na tsaya da kwalba a hannu, ina kallonsa ina kallon 'yata. Ban taɓa yin abin da ya yi mini nauyi kamar rufe murfin nan ba, domin ba komai a hannuna ke nan sai jira, ni kuwa ban iya jira ba. Na rufe, na miƙa wa maƙwabci, na yi masa godiya. Ya fita yana cewa Allah ya sa kada mu yi da-na-sani.

Kwana uku bayan haka, da safe, ina ɗaura agogo zan tafi shago, sai na ji ihu a tsakar gida. Na fito da gudu. Ashe rigima ce. Yarinya ta riƙe kwanon faten wake da hannu biyu, kakanta yana ja tana ja, tana kuka tana cewa nata ne, ya je ya nemi nasa. Uwarta ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Ni kuwa na koma ɗaki na rufe ƙofa, don ban so mahaifina ya ga abin da idona yake yi.

Da muka koma asibiti sikeli ya nuna ta fara mayar da jikinta, zawo kuwa ya zama labari. Washegari Baffa ya naɗe buzunsa. Na raka shi har inda masu babur ɗin Betso suke tsayawa. Sai da ya hau, ya gyara sandarsa a kafaɗa, sannan ya ce, “Ka gudu daga kiwo ka shiga boko, ban hana ka ba. To ga garke nan a cikin yarinya. Ka kiwata shi.”

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ba ka gani ba ne maƙiyinka, kuma lafiyar ciki ba wankewa take so ba, ciyarwa take so. Tun daga ranar ba a shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a gidana sai likita ya rubuta, wake da ganye da kindirmo kuwa ba sa yankewa. Na kuma gane cewa takarda ba ta ƙare ilimi ba. 'Yata tana raye yau ne da ikon Allah, ta hannun likitar da ta san sunan waɗannan halittu da makiyayin da ya san halinsu, kuma wannan makiyayin shi ya haife ni.