Direban da Ya Tsinke Wayar Odarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba direba. Ban taɓa zaton zan rubuta wani abu a kansa a jarida ba, amma abin da ya same ni a makon jiya ya hana ni yin shiru.

Baba yana da a-kori-kura, yana jigilar hatsi tsakanin Kaura da Shinkafi. Mu biyu ya haifa, ni da ƙanena Habu. Habu ba ya magana, ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi. Ƙara mai ƙarfi kuwa, kamar an zuba masa garwashi a kunne. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce galahanga. Maƙwabta sun sha ba Inna shawarar a riƙa kulle shi a ɗaki in za a fita. Baba sai ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Duk shekara in an yi hutun makaranta bayan kaka, yakan kwashe mu zuwa Badarawa, wurin mahaifiyarsa. Kafin mu tashi zai buɗe kan mota ya tsinke wayar oda. Wanda ya san direbobin Kaura ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da oda suke gaisawa, da ita suke zolayar juna. Abokansa suna yi masa dariya a tasha, har suka laƙaba masa Garba Maras-oda. Shi kuwa sai ya ce, "Mi za ni yi da ita? Allah ya ba ni hannu." Haka za mu tafi a hankali, Habu a gidan gaba yana kallon bishiyoyi suna wucewa, Baba yana ɗaga wa kowa hannu. Ba ya taɓa fita da mu ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, saboda cunkoson hanya.

Tun da ya rasu aka sayar da motar, Habu bai sake wuce bakin unguwarmu ba. Yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Kakarmu kuma idonta ya tafi. Kwanan baya ta aiko cewa a kai mata Habu kafin ta bi ɗanta. Inna ƙafa ta hana ta tafiya, sai ni.

Na kauce wa Alhamis kamar yadda na ga ana yi, na nema mana gidan gaba a motar haya. Komai lafiya har muka yi nisa. Sai ga garken shanu a kan titi, direba ya danna oda. Kafin in juya, Habu ya buɗe ƙofa mota ba ta gama tsayawa ba, ya faɗa cikin wata gonar dawa da ba a yanke ba. Karan ya rufe bayansa.

Jama'a, ban san ina da irin wannan muryar ba. Ina ta kiran sunansa ina kuka, na manta cewa ihun nawa ma korarsa yake yi. Wani fasinja ya ce a bi shi da igiya. Wata mata ta ce, "Ke ma dai, wa ya ce a fito da irin waɗannan?" Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, halan wanga ɗan Garba Maras-oda na?" Na gyaɗa kai. Ya dafe goshi ya yi salati. Sai ya kashe mota, ya ce da fasinjoji, "Kowa ya zamna. Mai sauri ga hanya nan, ya taka."

Ba wanda ya taka. Muka zauna a gefen titi shiru, har matar nan. Ina tuna rijiyoyin da ke cikin gonaki, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna. Ban san tsawon zaman ba. Can sai kara ya motsa. Habu ya fito da kansa, gwiwa a kurje, hannu a kunne. Bai dubi kowa ba, ya shiga gidan gaba ya zauna. Direban ya buɗe kan mota ya tsinke wayar oda, sannan muka tashi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da yau. Ga shi an ba mu jiharmu, kowa yana maganar sababbin ofisoshi a Gusau. Na san zai yi murna, amma ina jin abin da zai fara tambaya shi ne ko akwai makarantar da za ta karɓi irin su Habu. Babu tukuna a nan kusa. Gidaje nawa ne a Kaura da Zurmi suke da irin nasa a bayan ƙofa, ba a taɓa kai su ko gidan kaka ba? Allah kaɗai ya sani. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Da muka isa Badarawa, Kaka ba ta miƙa hannu ba, ta san halinsa. Ta zauna a tabarma tana ta yi masa kirari ƙasa-ƙasa. Habu ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya zauna, ya jingina bayansa da nata. Ta ce, "Af! Nauyin ubanai gare shi."

Baba bai bar mana gida na kirki ba, motar ma an sayar. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka yi masa dariya, amma suka riƙe abin a ransu har ranar da muka buƙace shi. Tsoro bai sake ni ba, ba zan ɓoye ba. Sai dai Kaka ta ce a dawo mata da shi bayan salla, ni kuma na ce to. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.