Rabon Buhuna a Bakin Rami

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jidda ba, na yi wani aboki ɗan Nijar, mutumin Tawa. A masallacin Juma'a na unguwar Kurayyat muka haɗu. Takalmina ne ya yi ƙafa, ina tsaye ina zare ido a kan kwalta mai zafi, shi kuma ya ja ni shagonsa ya ba ni silifa. Shagon turare da atamfa ne, da sunan kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, amma kowa ya san jarin nasa ne. Kowa kuma ya san daga inda jarin ya fito. Yana cikin waɗanda suka kwasa suka yi arewa lokacin da labarin zinaren Jado ya tashi can cikin Saharar Nijar, manomi ya bar gona, direba ya bar tasha. Shi bai samu komai a Jado ba, sai da ya ƙara gaba zuwa ramukan da ke kusa da iyakar Aljeriya.

Ni kuwa mutum ne mai son a kira shi dattijo tun gemu bai cika ba. Don haka ranar da ya ce yana so in shige masa gaba wajen neman aure, ban ko tambayi 'yar waye ba na ce to. Na fito da babbar rigar da na zo da ita daga Zariya, ta sha guga, na bi wasu manya biyu zuwa unguwar Sa'alaba ina ta shirya jawabi a zuciyata.

Mahaifin yarinyar tsoho ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya bari muka sha gahawa, ya bari na gama jawabina tsaf, sannan ya ce, "Ya waladi, ba ni da mushkila da iƙamarsa ta zama a ƙasa ko sana'arsa. Bas akwai kalam. An ce ya ci haƙƙin ɗan'uwansa a wajen zinare. Ni ba na kai 'yata gidan da aka kafa da haram. Ku kawo mini mai maganar da wanda ake magana a kansa, in ji da kunnena, khalas."

Jikina ya yi sanyi, don na san maganar. Wa bai san ta ba a Kurayyat? Mai maganar wani tela ne a unguwar Nuzla, dattijo mai farin gemu, ba ya rabuwa da carbi. Ramin da abokina ya yi aiki, tare suka yi. Duk wanda ya kai masa ɗinki sai ya ji cewa an cuce shi a Sahara, kuma wanda ya cuce shi yana nan yana sayar da turare. Abokina ne ya yi masa hanyar zuwa Jidda, shi ya saya masa keken ɗinkin, amma mutane sai suka ce ai alhaki ne yake cin sa, shi ya sa yake toshe bakin tsoho. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na fi karkata ga telan. Ga mai shago ga mai zama a lungu, hankalina ya riga ya yanke hukunci.

Da na kai wa abokina saƙon, sai ya rufe shago, muka zauna a ciki.

"Wallahi ban ci mashi komi ba," in ji shi. "Buhu anka raba, ba kuɗɗi ba."

A nan ya koya mini yadda ake yi. A wajensu ba a jira sai zinare ya fito a raba. Dutsen da aka fasa a rami ake zubawa a buhuna daidai wa daida, a ɗaure baki. Mai rami ya ɗebi nasa kason, sauran na mahaƙa. Sai a jera buhunan a cakuɗa su, mutum ɗaya ya juya baya, wani ya riƙa nuna buhu da sanda yana cewa, "Wannan na wa?" Mai juya bayan ya kira suna. Kamar dai yadda ake rabon naman watanda a gida. Daga nan kowa ya ɗauki nasa ya kai injin niƙa, abin da ya fito nasa ne, ko da yawa ko babu, kuma ba a waiwaye.

"Shi munka sa ya juya baya," ya ce, "don shi ne babba, shi ka ja mu salla. Nawa buhun shi ne na ƙarshe, wanda ya rage. Da anka niƙa anka wanke, mai injin kanshi sai da ya miƙe tsaye. Nashi kuwa ko ladan niƙa bai fitar ba. Bon, mi zan yi? Allah ne ya yi."

Na ce masa to ai sai mu je. Ya ce shi abin da yake tsoro kar a kunyata tsohon telan a gaban mutane. Na kalle shi kawai, a raina ina cewa mai gaskiya ba ya gudun zama.

Juma'ar da ta biyo baya bayan la'asar muka taru a falon mahaifin yarinyar. Telan ya zo da wuri, ya zauna kusa da mai gida, ya ƙi kallon inda abokina yake. Da aka ba shi magana kuwa, ya iya ta. Ya faɗi ƙishirwar da suka sha, da yadda ƙasa ta taɓa rufto masa har ƙugu, da 'ya'yan da ya bari a gida. Idona har ya ciko. Ya rufe da cewa an musanya masa buhu.

Mai gida ya ce, "Tayyib. Kai ka ga lokacin da ya musanya?"

"Ban gani ba."

"Wani ya gani?"

"Babu wanda ya gani, Alhaji, amma na sani."

"Keif ka sani? Ba ƙuri'a kuka yi ba? Kai kana juya baya, ta ina za ka san wane buhu ne mai zinare?"

Sai telan ya fusata. Ya ajiye carbin, ya ɗaga murya, kamar wanda aka daɗe ana raina wa hankali.

"Ta ina zan sani? Ni da na cika buhun da hannuna! Dutsen da munka fasa ranar nan yana walƙiya kamar a lasa, ni na tsince shi ɗai-ɗai na zuba wuri guda. Mai nunin ɗan ƙanwata ne. Na ce mashi in sanda ta zo bisa buhun nan ya yi tari. Ya yi tari, na kira sunana. To ku gaya mani, buhun da na shirya haka, yaya za a yi zinare ya fito a na wani in ba musanya anka yi ba?"

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran mu ce ya yi gaskiya.

Finjalin gahawa yana hannuna, na kasa kai shi baki, na kasa ajiyewa. Ɗaya daga cikin manyan da muka zo tare ya fara salati a hankali. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, wallahi tsohon bai ji abin da ya faɗa ba. Shi a wajensa hujja ya kawo.

Na juya wajen abokina ina zaton zan ga murna, tunda ga shi an wanke shi. Sai na ga bakinsa a buɗe.

"Baba," ya ce, "tarin nan... na ji shi. Har na miƙa ma yaron ruwa."

Telan ya ce, "Kar ka canza magana."

"Kai ne limaminmu fa, Baba. Kai munka zaɓa don ba mu yarda da kanmu ba."

Mai gida ya ɗaga hannu ya ce su dakata. Ya tambayi telan wa ya ɗauki buhun bayan rabo. Ya ce shi. A ina ya kwana? Ya ce da shi ya yi matashi. Wa ya kai inji? Shi, kuma a gabansa aka niƙa. Yana amsawa muryarsa tana raguwa, amma ko a ta ƙarshe sai da ya ƙara da cewa, "Duk da haka dai an yi wani abu."

Daga baya ne abokina ya gaya mini akwai wani dutse mai walƙiya da ba ya ba da komai, na gaske kuma sau da yawa ba ya nuna kansa sai an niƙa. A lokacin ba su sani ba. Dukkansu manoma ne da direbobi da teloli, jiya-jiya suka fara riƙe guduma.

Mai gida ya kalli telan ya ce, "Aib, ya sheikh. Aib." Ya juyo wajenmu ya ce ya ba da 'yarsa, mu je mu sa rana. Aka shafa fatiha. Ni da na shirya jawabin godiya tun a gida, ko kalma ɗaya ban tuna ba.

An yi biki, yanzu har da 'ya'ya. Maganar cuta ta mutu a Kurayyat cikin sati guda, don manyan nan biyu ba su iya riƙe labari ba. Telan yana nan a Nuzla, abokina bai karɓe keken ba, bai kuma sake taka lungun ba. An ce har yau idan ya sami baƙon da bai san zancen ba, yana gaya masa an musanya masa buhu.

Ni dai tun ranar na rage saurin raba gaskiya da ido, in ba mai tsohuwar riga, in hana mai shago. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da muka fito daga gidan, na ɗauka abokina zai yi ta dariya a mota. Sai ya zauna bai tayar da ita ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce masa, "Ango, ai sai hamdala, sunanka ya fita."

Ya ce, "Shekarun ga duka, in na kwanta na tuna waɗanda sunka koma gida hannu wofi, abu guda nika gaya ma kaina in samu barci: rabon nan da gaskiya anka yi shi. Ashe da an yi gaskiyar, wataƙila ni ne bisa keken ɗinkin."

Sannan ya tayar da motar.